Bernadine Ta Cika a Kan Tudun Ollery

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaron da har yau hayaƙi bai gama sakinsa ba, Delbert Haskew na garin Pocatello, a madadin matarsa Vernell da 'ya'yansu biyu da jikoki biyar, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda suka taɓa haɗa zango da shi, rasuwar motar-gidansu, wato motar da suke tafiya da kwana a cikinta, Bernadine. Ta cika ranar Alhamis da ta wuce, da misalin ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a kan tudun da ke saman sansanin hutu na Rafin Ollery. Ta bar duniya tana da shekara talatin da huɗu, da mil dubu ɗari biyu da tamanin da bakwai a ƙafa. A bakin aiki ta rasu, da mutum goma a cikinta.

Marigayiyar ta shigo gidan Haskew tana da shekara shida, bazawara daga hannun wani likitan haƙori da bai san darajarta ba. Vernell ce ta raɗa mata sunan wata gwaggonta mai jiki, wadda ba ta hawa bene sai da nishi da mita, amma ba a taɓa yin taro babu ita ba. Doguwa ce, fara da ratsin ruwan ƙasa, mai taya shida da gado biyu, da murhu mai kai uku wanda ɗaya ya yi ritaya tun kafin a haifi jikokin. Ba za a yi wa mamaciya ƙarya ba: tana da shan mai, kuma ba ta tashi da safe sai an lallashe ta. Sau biyu za ta ce "ƙir-ƙir-ƙir", ta yi shiru kamar mai shawara da zuciyarta, a na uku ta yi tari guda, "gaf!", ta kama. Amma ita ta kai yaran suka ga teku karon farko. Ita ta yi sati uku a filin ajiye motoci na asibiti lokacin da aka yi wa Vernell aiki a ƙugu, Delbert yana kwana a cikinta don kada ya yi nisa. Tun da ya ajiye aikin jirgin ƙasa kuwa, duk watan Agusta ita ke kai su Rafin Ollery, fili mai lamba goma sha bakwai kusa da famfo, ya yi sati biyu yana kamun kifi, Vernell tana soyawa tana kushe girmansu.

Ciwon ajalinta ya fara ne tun bazara. Allurar da ke nuna zafin injin ta riƙa ɗagawa a duk ɗan hawa. Bakanikenta ya duba, ya ce lagireto ya tsufa, kada a matsa mata, in allura ta taɓa ja a tsaya nan take, in ba haka ba injin zai narke. Delbert ya yi alkawarin canza shi in sun dawo daga hutu.

A bana, fili mai lamba goma sha takwas wani Royce Pellerin ya kama, shi da matarsa Jolene, da sabuwar mota baƙa wul mai tsawon jirgi, irin wadda falonta ke turowa waje daga gefe in an danna maɓalli. Ranar farko ya zagaya Bernadine da kofin kofi a hannu, ya ce, "Maƙwabci, gidan tarihi sun san ka fito musu da ita?"

Delbert bai ɗago daga ƙugiyar da yake ɗaurawa ba ya ce, "Ta girmi aurenka, kuma za ta riga taka motar isa gida."

Haka suka yi kwana tara, gaisuwa da ƙyar.

Tun ranar Talata ake hango hayaƙi a bayan dutsen yamma, amma Twila Brandt, matar da ke kula da sansanin, ta ce iska nesa take kai shi. Ranar Alhamis bayan abincin rana iskar ta juya. Delbert ya fara ganewa ne da tokar da ta faɗo cikin kofinsa. Kafin ya gama duban sama rana ta koma ja, tsuntsaye sun yi tsit, wutar lantarkin sansanin ta ɗauke. Sai ga Twila a guje tana dukan ƙofofi, tana cewa minti goma sha biyar, a bar komai. Hanya ɗaya ce tal: ƙunƙuntar gada a kan rafi, sannan hawa na mil huɗu cikin itatuwa masu ƙaro kafin a isa kwalta.

Masu ƙananan motoci suka fice ɗaya bayan ɗaya. Delbert ya zare wayar wuta da tiyon ruwa, ya taimaka wa Vernell ta hau da sandarta, ya murɗa makulli. A ranar, marigayiyar ba ta kama a na uku ba. Ba ta kama a na huɗu ba. Ya saki makullin, ya goge tafin hannunsa a wando, ya ƙirga goma a ransa kamar yadda ya saba, ko da yake a wannan karon yana jin ƙarar wutar daga bayan dutse, wani irin rugugi marar yankewa. A na biyar ta ce "gaf!"

Yana juyo da ita ya ga Royce ya dafa gefen motarsa da kafaɗa yana turawa. Falon ya cije a rabi, ba ciki ba waje, kuma da wannan faɗin ba za ta wuce gadar ba. Jolene tana tsaye da kyanwa a kwando. Can gaba wata mata mai suna Marisol tana riƙe da 'yan matanta uku da tsohuwar mahaifiyarta. Mijinta ya tafi gari sayayya da motar da ke jan ɗakinsu mai taya, bai dawo ba. Twila ma ta ba wasu tsofaffi tata motar, ta rage daga ita sai karnukanta biyu.

Delbert ya dubi mutanen, ya dubi allura. Ya san nauyin da Bernadine ke iya ɗauka a wannan tudu, ya kuma san ko su biyu sai ta huta a hanya. Ya sauka ya buɗe tankin ruwanta don ta rage kaya, ya ce kowa ya shigo. Royce ne na ƙarshe. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai faɗi wani abu, Vernell ta ce masa ya rufe ƙofar, surutu sai an kai.

Mil na farko ta hau shi da nishinta na kullum. A na biyu allura ta wuce tsakiya, hayaƙi ya rufe hanya har sai da Delbert ya kunna fitilu da rana tsaka. Garwashi ya fara sauka a rufi, "ƙwas, ƙwas". Aka rufe tagogi, Marisol ta jiƙa tawul ta rufe wa yaran fuska. Sai Delbert ya miƙa hannu ya kunna hita, na'urar ɗumama cikin mota, ya kai ta ƙarshe.

"Hita?" in ji Royce. "A cikin wannan wutar? Tsohon nan ya zare ne?"

"Zauna, Royce," in ji Vernell. "Duk zafin da ya shigo mana, daga cikinta ya fita. Ka sha naka rabon."

Gumi ya jiƙe kujeru, karnukan Twila biyu suka zazzago harshe, tsohuwar tana ta addu'a ƙasa-ƙasa da harshensu. Hitar ta saya musu kusan rabin mil. A mil na uku allura ta shiga ja ta zauna, wani wari mai zaƙi kamar ƙonannen sukari ya cika motar.

A daidai nan akwai wani ɗan fili a gefen hanya inda duk shekara Delbert ke tsayawa ta sha iska na minti ashirin. Ƙafarsa da kanta ta sassauta. Ya duba madubi: gadar ba ta ganuwa, kawunan itatuwan da suka wuce yanzu-yanzu suna kamawa ɗaya bayan ɗaya kamar ana kunna su da hannu. In ya tsaya, wataƙila ta rayu in wuta ta bar ta. In ya wuce, ya san abin da yake yi mata. Shekara ashirin da takwas bai taɓa tilasta mata ba.

Vernell ta ɗora hannu a gwiwarsa, ta ce, "Del, ba za ta riƙe ka da shi ba."

Ya taka totur har ƙasa.

Daga nan marigayiyar ta fara wani sauti da bai taɓa ji a bakinta ba, "ƙwan, ƙwan, ƙwan", kamar wani yana ƙwanƙwasa ƙofa daga cikin injin. Tururi ya taso ya rufe gilashin gaba. Delbert ya daina ganin hanya, ga kwari a hannun dama. Royce ne ya buɗe taga ya fitar da kansa cikin hayaƙin, yana kallon bakin hanya yana faɗa: hagu kaɗan, riƙe haka, hagu kuma. Garwashi ya ƙone masa kunne da gashin gefe, bai dawo da kan ba. Gudunta ya ragu har mai tafiya a ƙasa zai iya wuce ta. Delbert ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan yana shafa mata gaba kamar yadda ake shafa wuyan doki, leɓensa yana motsi, ba wanda ya ji me yake ce mata.

Sai ga jajayen fitilun 'yan kwana-kwana. Tayoyin gaba suka taɓa kwalta, na baya suka biyo. Ta saki wani dogon numfashi, "fuuuu", ta yi shiru. Duk da haka sai da ta gangara taku ashirin ta koma gefe, ba ta tare wa motocin kashe wuta hanya ba.

Mijin Marisol, wanda 'yan sanda suka riƙe a shingen da suka sa a bakin kwalta fiye da awa guda, ya ƙwace ya zo da gudu. Kowa ya sauka da ƙafarsa. Delbert ya zauna shi kaɗai a mazauninsa, ya murɗa makulli sau ɗaya. Ko "ƙir" ba ta ce ba. Washegari bakanike ya tabbatar injin ya narke ya haɗe, ba abin da hannu zai iya yi. Sansanin kuwa ya ƙone ƙurmus, har da motar Royce.

Marigayiyar ta rasu ta bar maigidanta Delbert, wanda har yau yake farkawa ya leƙa wurin da take kwana; da Vernell; da tayar ko-ta-kwana guda da ba ta taɓa taka ƙasa ba; da kekuna biyu da rufinta ya kare daga garwashi; da butar kofi mai lotsattsen gefe; da mutum takwas da ba su haɗa komai da ita ba sai wannan mil huɗu; da karnuka biyu da kyanwa.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Motar janwe za ta ɗauke ta daga garejin bakanike zuwa filin tsofaffin motoci na Dub Ferrell da ke bayan gari, a hankali, ba hon. Royce Pellerin ya roƙi a bar shi ya hau gaba tare da direba, da bandejinsa, an kuma amince. Kafin a sa ta a injin matsewa za a ba iyali rabin awa. Ba a buƙatar furanni. Mai sukundireba ya zo da ita, domin za a cire ƙofar banɗakinta, inda aka zana tsawon yara biyu da jikoki biyar da biro shekara bayan shekara, a kai ta gida. Bayan haka za a karɓi gaisuwa a farfajiyar gidan Haskew. Mahaifiyar Marisol ta ce girkin nata ne, kada kowa ya taɓa tukunya.

Daga ƙarshe iyali suna roƙon jama'a, don girman Allah, kada wanda ya zo wa Delbert da hoton wata motar da ake sayarwa, komai kyanta. Ba a yi wa mutum tallan amarya a bakin kabari.