Ranar da Na Saki Tsani

Ba zan taɓa mantawa ba da makona na biyu a Abuja, lokacin da gwamnati ke kwaso kayanta daga Ikko.

Ni ɗan Kaduna ne, Kadunar masaƙu. Wanda bai zauna Kakuri, unguwar masaƙun, ba ba zai gane ba: jiniya ce ke juya garin. Ita ke tashinmu, ita ke sallamarmu, masu abinci ma da ita suke sauke tukunya. Kekunan ma'aikata su cika titi har gada, hayaƙi na tashi ta ko'ina. Dokar aikin ɗaya ce: da jiniya ta kaɗa, ka cire hannu daga inji, mai karɓarka ya sa nasa. Shekara goma sha ɗaya na yi a haka kafin a rage ma'aikata, har da ni.

Danladi, wani ɗan Gbagyi da muka taɓa aiki tare, shi ya ba ni tabarma a ɗakinsa a unguwar Karmo, ya kuma roƙa mini aikin shara a wata sabuwar ma'aikata inda yake masinja. Aikin wucin gadi ne, iyalina kuma na can gida suna jira.

Ranar da babban ogan ma'aikatar zai iso, aka sa Danladi ya ɗaura ƙyallen maraba a saman ƙofa.

"Ka riƙe tsanin nan well well," in ji shi, "ƙasa tana santsi."

Na riƙe. Sai jiniyar motocin oga ta kaɗa. Wallahi ban yi tunanin komai ba. Na saki tsani, na ja da baya, na kakkaɓe hannuwana (har da miƙa, Allah ya yafe mini).

Danladi ya faɗo da ƙyallen a gaban motar oga, ƙafarsa ta karye. Ni kuwa ina tsaye sororo, ina waigen wanda zai karɓe ni.

Aka sallame mu duka biyun. Abin da ya fi ci mini rai, Danladi bai kore ni daga ɗakinsa ba. Daga kwance ya ce, "Ai ba kai ba ne, Kaduna ne." Na fita bayan ɗaki na yi kuka. Har ya rasu yana ɗingishi.

Darasin da na koya ƙarami ne: duk wanda ya ce in riƙe masa tsani, sai na fara ba shi labarin nan. Har yau babu wanda ya hau.