Saƙar da Ta Ƙone Hannun Gumsu

"Lale da baiwata! Yau ke ce da hantsi? Wa kika bar wa kaskon?"

Haka Sakinatu ta tarbi Gumsu. Tana zaune a tsakar gidanta a Haɗeja, tana saƙa da wani kwarashi mai tsawo kamar ƙaramar muciya. Gumsu ko gaisuwar ba ta amsa ba. Yau ba da wasa ta zo ba, amma ina za ta kai ƙara? Ita Babarbariya, Sakinatu Bafulatana, kuma tun kaka da kakanni ba a fushi da abokin wasa. Wannan ne ma ya fi ƙona mata rai. Kifi take soyawa a bakin tasha, ga shi hannunta na dama a naɗe da ƙyalle. In ta kwana biyu ba ta fita ba wata ce za ta dasa murhu a gurbinta, har ta san ko wace ce.

Ta miƙa hannun har gaban hancin Sakinatu. "Kin ga aikinki?"

"Lalle kika sa? Tsofai-tsofai da ke?"

"Lallen gidanku! Wannan tsinannen abin sauke tukunya da kika saƙa kika ba ni ne. Jiya na kama kasko da shi, ya narke ya manne mini a yatsu kamar leda. Mai ya malale, kifi ya watse, karnukan tasha suka yi walima."

"To ai sadaka kika yi. Tun da nake ban taɓa jin Babarbare ya ciyar da kowa ba sai jiya."

"Ki ci gaba, 'yar Fillo. Ki ci gaba."

"Wancan ulu ne, ashe roba ce a cikinsa, sai daga baya na gani a waya. Wannan kuwa zaren auduga ne, Yunusa direba ya taho mini da shi daga Kano. Saƙar Tunusiya ake ce mata. Taɓa ki ji kauri."

"Daga baya! Wato da hannuna kika yi gwaji?"

"To da na wa zan yi? Mutum ya ajiye baiwa don ado ne?"

"Tunusiya! Ke da ba ki taɓa wuce Birniwa ba, can ɗin ma a bayan saniya kika je. Dube shi, ya nannaɗe kamar bandar tarwaɗa. Wa ya aike ki da saƙar kicin? Ku da kicin ɗinku ƙwarya ce da ludayi!"

"Mu dai ba ma warin kifi."

"Kifin ne ya rufa wa gidana asiri!" in ji Gumsu. Haushi ya ƙara kama ta. "Abu ɗaya ya kawo ni. Ki buɗe baki ki ce, Gumsu, yi haƙuri."

"Ni? Bafulatana ta ba Babarbariya haƙuri? Ranar da na yi haka nonon shanunmu sai ya ƙafe, daga nan har Baturiya."

"Ya ƙafe mana! Dama rabinsa ruwan kogi ne."

Gumsu ta sa haƙori ta fizge ƙullin ƙyallen, ta warware. Yatsun sun ɗuri ruwa, tafin ya saɓule ya yi ja wur. Kwarashin ya tsaya cak a hannun Sakinatu. Gumsu ta zuba mata ido tana jira. To amma Bafulatana ce, gara a yanka ta da ta faɗi abin da ke ranta a gaban mutum.

Sai Sakinatu ta miƙe. Ta ɗauki biyu cikin sababbin da ta saƙa da auduga, ta nufi murhu inda tukunyar wake ke tafasa, ta kama kunnuwanta ta ɗaga. Ta tsaya da ita a hannu, tururi yana dukan fuskarta.

"Sauke mana, mahaukaciya!" in ji Gumsu.

"Ba da hannunki na yi gwaji ba? Yau da nawa."

"Na ce ki sauke! In kika ƙone wa zan zaga?"

Sakinatu ta ajiye tukunyar, ta buɗe tafukanta. Lafiya ƙalau, audugar ko baƙi ba ta yi ba. Gumsu ta ja tsaki. Zuciyarta ta ɗan sauka, amma gurbinta na tasha yana nan yana jiran mai rabo.

"Na gani. Sai me? Audugar ce za ta soya mini kifi?"

Sakinatu ta ja mayafinta daga igiya, ta cusa saƙar a jaka. "Tashi mu je."

"Ina?"

"Tasha. Ki zauna ki yi ta surutunki, ni in juya kifin har hannun ya warke."

"Ke? Ke da kike toshe hanci in na gifta ta ƙofarki?"

"Dukiyata zan je in tsare. In baiwa ta nakasa, ai uwargijiyarta ce da asara."

Gumsu ta so ta riƙe fushin, ya ƙi riƙuwa. Dariya ta kubce mata har da ƙwalla, ta leƙa ƙofar gida tana ɗaga ƙonannen hannun sama.

"Jama'ar unguwa ku fito ku sha kallo! Yau Bafulatana za ta soya wa Babarbariya kifi!" Ta juyo tana share ido da gefen mayafi. "Riƙe haƙurinki, na yafe. Mu biya gida ki ɗauki kaskon a ka. Ni a gaba, ke a baya."