Kopto a ƙarfen haƙorina

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, a shekarata ta biyu ina koyarwa a wata lakwal a Gaya. Wata huɗu ke nan da sa mini ƙarfen haƙori a Yamai, saboda haƙorana na gaba sun turo kamar za su riga ni gaisawa da mutane. Likitar da ta sa mini ta ja kunnena sosai: in goge baki bayan kowane cin abinci, in bi tsakanin wayoyin da wani siririn burushi da ta ba ni, in rabu da rake da kilishi. Sati biyu na yi ina bin doka. Daga nan siririn burushin ya tare a kan taga, na tsaya ga wankin safe da na kwanciya (shi ma na kwanciyar sai in barci bai riga ni ba).

Ran nan ansifekta zai zo ya ga yadda nake koyarwa. Ni kuwa 'yar kwantiragi ce, abin da ya rubuta shi zai bi takarduna. Da kaina na zaɓi darasin tsabtar baki, don a ganina duk Gaya ba wanda ya fi ni sanin haƙori. Na zana ƙaton baki a tablo, wato allon aji, na zo da burushi da asuwaki.

An ce ƙarfe tara zai iso, har goma shiru. Da yara suka fita shan iska yunwa ta ci ƙarfina, na je bakin ƙofa wurin Iya Mariyama na sayi kopto, zogale ne da ya sha ƙuli-ƙuli da albasa. Ina kan lomar ƙarshe dirakta, shugaban lakwal ɗinmu, ya leƙo ya ce, "Madam, ga shi ya iso." Na kurɓi ruwa sau ɗaya, na goge leɓe da bakin mayafi, na shiga aji.

Dattijo ne mai furfura, ya zauna can baya da kaye, littafin rubutunsa, a hannu. Na fara darasi. Ban taɓa ganin yaran nan sun natsu haka ba, kowa ya zuba wa bakina ido. Na ce a raina, yau kam iyawa ta motsa. Sai na ƙara buɗe murya, ina murmushi har kunne. Har na matsa gaban layin farko na yage baki na ce, "Ku duba nawa, haka ake bin su ɗaya bayan ɗaya."

Na tambaya me ke faruwa idan mutum ya ci abinci bai goge ba. Ramatu, wadda ta fi kowa ƙoƙari, ta ɗaga hannu. Ta fara da Faransanci, ya ƙare mata, ta koma Hausa.

"Madam, sai kopto ya maƙale masa a ƙarfe, irin naki."

Ba da tsiya ta faɗa ba. Ita a zatonta da gangan na bar shi don su gani. Na taɓa da harshe, na ji ganye jere tun daga wannan gefe har wancan. Ajin ya fashe da dariya. Sauran minti ashirin ɗin, tablo na koya wa, baki a tsuke kamar mai ciwon hangum.

A biron dirakta, wato ofishinsa, bayan na kurkure har dasashina ya yi ja, ansifekta ya karanta mini abin da ya rubuta. Ya ce darasi ya tafi daidai, yara sun fahimta. Ya rufe kaye, ko murmushi babu, ya ce, "'Yata, shekara talatin ina zagaya lakwal, ban taɓa ganin malamar da ta zo da misali a jikinta ba sai ke. Amma gobe zanen tablo ma ya isa."

Dirakta ya juya yana ta tarin ƙarya don ya ɓoye dariya.

Takarduna sun wuce lafiya. Sunan Madam Kopto ne bai wuce ba, har yanzu da aka cire ƙarfen, iyayen yara da shi suke gaishe ni a kasuwa. Na dai koyi abu ɗaya: idan aji duka ya yi tsit yana kallon bakinki, kafin ki gode wa Allah da baiwar magana, nemi madubi.