Sadakin Sani Yana Hanya

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren abokina Sani ba, ko da kuwa shi ya yafe min (bai yafe ba, dariya kawai yake yi).

Sani ɗan adaidaita ne a Tarauni. Ya daɗe yana tara sadakin Maryam, burinsa ɗaya: a ji an ce ya biya lakadan, don dangin yarinyar suna ganin ba zai iya ba. Ni ne babban aboki, don haka ni ya danƙa wa kuɗin. Ni kuma sarkin wayewa, na wuce wajen mai POS na zuba su a akawun ɗina. Wa ke yawo da tsabar kuɗi a wannan zamani?

Bayan sallar Juma'a aka zauna a wani masallaci a Gyaɗi-Gyaɗi. Kawun Sani, wanda shi ne wakilinsa, ya miƙo min hannu. Na zaro waya da taƙama na ce, "Kawu, taransifa zan yi, yanzu za su shiga."

Kallon da ya yi min har yau yana raina. Waliyyin amarya, Alhaji Bala, ya karanto lambar akawun ɗinsa a hankali. Na danna. Aka cire kuɗi nan take. Na nuna masa fuskar wayata ina murmushi.

Ya duba tasa ya ce, "Yaro, ni ban ga komai ba."

Na ce sabis ne, Baba. Na miƙe, na zauna, na ɗaga waya sama kamar mai neman tsayuwar wata. Na karɓi tasa na kashe na kunna. Shiru. Gumi ya jiƙa sabuwar shaddata sharkaf. Ga wasu masu jiran a ɗaura nasu auren a bayanmu suna ta gyaran murya, wani har da tsaki. Wallahi tsoro ya kama ni.

Liman ya gaji ya ce, "To, sadakin nan lakadan ne ko ajalan?"

Bakina ya kuɓuce: "Malam, yana hanya."

Masallaci ya ɗauki dariya. Liman bai yi ba. Ya ce abin da bai zo hannun waliyyi ba, shi ba zai sa mutane su shaida an biya ba. Alhaji Bala ya ce ya amince a ɗaura ajalan, ai Sani ɗa ne. Haka aka shelanta a lasifika, har masu shayin bakin titi suka ji: an ɗaura auren Sani da Maryam, sadaki bashi. Na waiga na ga Sani ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Da ƙasa za ta tsage, da ni zan fara shiga.

Kuɗin? Sun shiga muna tsakar cin shinkafar walima. Alhaji Bala ya ɗaga waya ya ce, "Af, ga su nan." Ni da wani yaro kaɗai muka ji, don babu lasifika a wajen cin abinci. Na bi baƙi ɗaya bayan ɗaya ina cewa sun fa shiga, suna gyaɗa min kai bakinsu cike da nama.

Abin da na koya shi ne, "an cire" daban, "sun shiga" daban, kuma a tsakaninsu mutuncin mutum kan zube. Abin haushin, ba ma nawa na zubar ba.