Yadda Ake Raba Kashu da Jan Tururuwa, Irin na Malam Wakili

Kai da ƙwari suka fara huda ganyen kashunka, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin cikin wata guda ba ka da sauran ganyen da zai dame ka. Malam Wakili, tsohon ma'aikacin gwamnati a Lafiya da ya zuba kuɗin sallamarsa kaf a bishiyar kashu arba'in a ƙauyen Ashige, ya gwada, ga shi nan da ransa.

1. Kada ka duba

Leƙen ƙarƙashin ganye aikin marasa takarda ne. Shiga gona da babbar riga, duk abin da ya fara cizonka shi ne mai laifi. Wakili dai jan tururuwan nan masu ɗinke ganye su yi gida ne suka same shi a wuya, nan take ya gama bincike.

2. Raina mai gaya maka gaskiya

Hembadoon, maƙwabciyarsa a gona, ta leƙo ta ce, "Baba Wakili, abeg bar wannan tururuwa. Shi ne soja na kashu, shi yana cinye tsutsa."

Amsa yadda ya amsa: "Madam, shekara talatin da biyar na yi a ofis." Kowa ya san tsutsa na tsoron fayil.

3. Auna magani da zuciya

Kwalba ta ce murfi biyu? Zuba shida. Fesa lokacin da bishiya ke cikin fure, don ƙudan zuma ma ya san an yi sabon maigida.

4. Huta

Sati uku ba cizo. Sabuwar tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta tarar ba mai gadi, ta ɗaura ɗamara. Da Wakili ya dawo, ganye sai jijiya, fure duk a ƙasa. Ya zauna a gindin bishiya ya yi tagumi. Na tausaya masa, amma ba sosai ba.

5. Ɗauki buhu

Sammaka gonar Hembadoon, ka rage murya kamar yadda ya rage, har da kiran ta da sunan 'yarta: "Maman Doose, ko za a sam min gidan tururuwa biyu?"

Ta nuna masa bishiyar da ta fi cika da su. "Hau ka tsinka da hannunka, Baba. Ni ban yi ofis ba."

Ya tuɓe babbar riga ya hau.

A kula: ni shawara na bayar, kyauta. Kumburin fuska, asarar kashun bana, da dariyar matan Ashige da za su taru a gindin bishiyar suna nuna maka reshen gaba, duk naka ne, kada a neme ni.