Sarkin Almakashi, Uban Jarumai

Duk mai cewa manyan mutane sun ƙare a duniya, ƙafarsa ba ta taka kwarin San Fernando da ke California a zamanin Mista Lyle Vandermolen ba. Mutum ne mai hangen nesa, mai tumbi daidai matsayinsa, mai zobe a yatsu uku. Kamfaninsa na shirye-shiryen talabijin yana cikin wani tsohon ɗakin ajiyar katifu, amma ranar da ka ce "ɗakin ajiya" a gabansa, ranar ka bar aiki. Sunan wurin Fadar Taurari. Shi kuma a ce da shi Kwamanda, ko da yake likitan soja tafin ƙafarsa kawai ya duba ya ce ya koma gida. Mu ma'aikatansa Kwamandan muke ce masa a gaban ido. In ya ba da baya, Sarkin Almakashi.

Sarautar ba ta gado ba ce, da guminsa ya samo ta. A ƙarshen shekarun saba'in ya je Tokyo neman masu son a yi musu tallan darduma, bai samu ko ɗaya ba. Yana kwance a otal ya kunna talabijin, sai ga wasu jarumai biyar cikin matsattsun kaya kala-kala, kowa kansa a cikin hular kwano har haɓa, suna jibgar wani dodo mai kan ƙaguwa a ramin fasa dutse. Da wani ne da ya canza tasha. Kwamanda kuwa tashi ya yi zaune, don ya hango abin da babu Ba'amurken da ya taɓa hangowa: ba a ganin fuskar kowa. In ba a ga fuska ba, wa ya ce 'yan Japan ne?

Ya sayo shirin, ya zo gida ya wasa almakashi. Duk inda fuskar ɗan Japan ta leƙo, a datse. A madadinta ya ɗebo matasa biyar masu fararen haƙora daga bakin teku. A ɗauke su suna shan madara mai sanyi suna dariya, can sai ɗaya ya dubi agogonsa ya ce lokaci ya yi, su daka tsalle a California su dira a Japan. Aka ce masa motocin cikin faɗan hannun hagu suke bi, ya ce yara ba sa tuƙi. Aka nuna masa wani ƙaton dutse mai farar ƙanƙara a ka yana tsaye bayan gari, ya ce ai wannan yana nan California kan hanyar garin Bakersfield, wanda bai taɓa ganinsa ba rashin fita ne ya yi masa yawa.

Ruben Salcedo, mai yanka hotunan yana haɗawa, ya taɓa roƙon a ɗauko tafinta, ko ma san abin da mutanen nan suke faɗa.

"Tafinta?" in ji Kwamanda. "Naushi ba shi da yare, Ruben. Ni ƙasar nan na zauna a cikinta, na ci ɗanyen kifinsu, na karanci zuciyarsu. Kashe sautin. Ni zan gaya maka abin da suke cewa."

Zaman da ya yi a cikinta bai cika mako ba. Aka kashe sauti. Ni ne mai ɗaukar murya a Fadar Taurari, saboda haka da hannuna na murɗa abin, kuma na ji daɗi, don aikina ya ragu.

Shirin ya karɓu. Duk safiyar Asabar yaran Amurka suna gaban akwati da kwanon hatsi da madara a cinya, iyaye suna samun barci. Wannan nasara ta haifi al'adar ranar Litinin, inda Kwamanda yake tara mu ya koya mana tarihi, wanda aka yi da wanda ba a yi ba.

"Ku rufe ido," zai ce, "ku yi tunanin Amurka babu ni. A ce jirgina ya yi latti. A ce talabijin ɗin otal ɗin nan ya lalace. Da yanzu 'ya'yanku suna zaune suna kallon wani tsoho yana koya musu ninke takarda. Da sai an ƙara shekara goma sha biyar kafin wani ɗan kwaikwayo ya gano abin da ni na gano a kwance, ko takalmi babu a ƙafata. Wata al'umma guda ta tashi ba ta san tsalle ba! Ku yi tunani!"

Mukan rufe ido mu yi tunani, wasunmu har da minshari.

Abu ɗaya ke cin Kwamanda a rai. Yara sun san Jan Jarumi, sun san Shuɗi, har dodo mai kan ƙaguwa sun sani, amma shi da ya kawo su babu yaron da ya taɓa nuna shi a kanti. Bai haihu ba, kuma ya sha faɗa cewa bai ga amfanin haihuwar biyu ko uku ba alhali yaran ƙasa baki ɗaya suna jiran uba. Burinsa ke nan, ba ɓoyewa yake yi ba. Yana so ranar faretin bikin talotalo na garinmu ya wuce a buɗaɗɗiyar mota, yara su cika titi suna kiransa Baba.

Allah da ikonsa, a cikin hotunan Japan akwai wani dogo mai fuskar zinariya da alkyabba har ƙasa. Ba ya shiga faɗa. A ƙarshen kowane kashi, bayan an gama da dodon mako, sai ya bayyana a kan tsauni. Jarumai biyar su jeru su rusuna masa, shi kuma ya nuna su da sandarsa ya girgiza ta, ya ɓace cikin hayaƙi.

Kwamanda ya san rusunawa, don an yi masa ita a Tokyo. Mai gadin otal ya rusuna masa, direban tasi ya rusuna masa, yarinyar da ke danna lif ta rusuna masa hawa da sauka. Labarin nan mun ji shi har mun haddace. "Mutanen nan suna gane girma tun daga nesa," yakan ce. "A nan ƙasar ne annabi ba shi da daraja a gidansu." Bai taɓa waiwayawa ba, da ya ga ana yi wa na bayansa irinta, mai sayar da maɓalli daga Osaka.

To wanda jarumai suke rusuna wa, wane ne in ba ubansu ba? Sandar da yake girgizawa kuwa ai albarka yake sa musu. Kuma wace fuska ce ta dace a samu a ƙarƙashin zinariya? Aka ƙera kwafin fuskar da kwali da fenti, aka ɗinko alkyabba daga labulen wani otal da ya rufe. Daga nan kowane kashi yana ƙarewa da Kwamanda yana cire fuskar zinariya a hankali, ya dubi yaran Amurka ya ce su goge haƙora, su ji maganar iyaye. Ko sunan ma nasa ya sa: Baba Vander, Uban Jarumai. Masu kayan wasa suka yi 'yar tsanarsa, sun rage tumbin bisa umarninsa. Kwamitin fareti ya aiko cewa shi ne babban baƙo na bana.

A lokacin nan 'yan Japan ba su gama shirinsu ba. Suna yi suna auno mana ta jirgin ruwa, rabi-rabi. Da rabi na biyu ya iso, Ruben ya ce bari mu leƙa tukuna. Kwamanda ya hana. Ya gayyato Misis Dolores Achterberg, shugabar shirye-shiryen yara a tashar da ke nuna mu, da masu kayan wasa, da 'yan jarida biyu, su ga baiwa tana aiki a gabansu. Za a saki hoto ba sauti, shi kuma ya tsaya gefen allo yana ba da labari nan take.

Aka kashe fitila. Ga mai fuskar zinariya ya sauko daga tsauni, karo na farko.

"Uba ya sauko ga 'ya'yansa," in ji Kwamanda.

Mai zinariya ya tare motar 'yan makarantar reno, ya finciko direba ya wurgar.

"Direban bai iya tuƙi ba. Baba da kansa zai kai su makaranta."

Mai zinariya ya tuƙa motar zuwa bakin rami, ya sauko, ya dafe ciki yana ƙyaƙyata dariya.

"Yawon buɗe ido ne. Dubi farin ciki!"

Jarumai biyar suka iso a guje. Suka jeru, suka rusuna kamar kullum. Kwamanda ya juyo ya dubi Misis Achterberg da murmushi, ya buɗe baki. Kafin kalma ta fito, Jan Jarumi ya tashi sama ya sauke ƙafa biyu a ƙirjin Uban Jarumai. Sauran huɗun suka rufa masa. Aka bi shi da duka daga wannan gefen ramin dutse zuwa wancan, ya kumbura ya zama wani ƙaton kwaɗo mai fuskar zinariya ya fi bene tsawo, jarumai suka hau wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe aka ci gaba da jibgarsa, har ya fashe.

"Gwaji ne," in ji Kwamanda cikin duhu. "Yana gwada ƙarfinsu."

Aka sa faifai na gaba. Ya dawo, aka sake gwada shi. Na gaba ma haka. Har ƙarshen akwatin faifan babu kashi ɗaya da ba a rusuna masa an lakaɗa masa duka ba, wani lokaci da sanda, wani lokaci da babur.

Ya kira Tokyo a gabanmu, ya samu Mista Kuramochi na kamfanin da ya sayar masa.

"Ai mun gaya maka a wurin cin abinci, Mista Vandermolen," in ji mutumin cikin ladabi. "Tafintanmu ya faɗa har sau biyu cewa shi ne babban mugun. Kana jawabi a lokacin."

"Amma rusuna masa suke yi!"

"Haka ne. Abokin karawa ne mai daraja. A wurinmu ana gaishe shi kafin a doke shi. Ni ma yanzu haka ina rusuna maka, a waya."

Ashe duk watannin nan kallon kitse aka yi wa rogo. Kwamanda ya ce a ɗauko almakashi. Ruben ya datse duk inda ake dukan Baba Vander, abin da ya rage bai kai mutum ya shanye kofin gahawa ba. A sake ɗaukar sabon faɗa? Kayan jaruman suna Japan, ramin dutsen yana Japan, masu iya tsallen ma suna Japan. Namu matasan madara kawai suka iya sha.

"Lyle," in ji Misis Achterberg tana ɗaukar jakarta, kuma ita kaɗai ce take kiran sunansa tsirara, "Asabar ba ta jira. Ka yi min alkawarin shiri har bazara. Abin da ke cikin akwatin nan shi zan nuna, sai ka zo ka sa masa murya."

Haka aka yi. Duk mako Kwamanda yana shiga ɗakina da zobensa uku ya yi ihun shan duka. Da farko yana yi da mutunci, irin na mai gyaran murya a taro. Nakan ce, "Kwamanda, babur ne fa ya bi ta kanka, a ƙara." Sai ya ƙara. Gaskiya tausayinsa ya kama ni ranar farko, amma daga baya na lura aikina bai taɓa yi min daɗi kamar haka ba.

Masu kallo suka ninka. Yaran da ya yi wa wa'azin goge haƙora rabin shekara ba su taɓa ganin abin da ya faranta musu rai irin wannan ba. Masu kayan wasa suka mayar wa 'yar tsana tumbinta, suka sa mata kai mai fita in an buga, suka haɗa da takobin roba. Sauran kamfanoni suka ga kasuwa, kowanne ya sayo nasa jaruman daga Japan ya nemi wani babba mai jawabi da za a riƙa duka. Kwamanda ya ce da 'yan jarida dama shirinsa ke nan tun farko, kuma yaro ya fi kowa sanin cewa wasa dabam, ƙauna dabam. Mun ba shi shawara ya bar faretin nan. Ya ce uba ba ya gudun 'ya'yansa.

Ranar fareti ya hau buɗaɗɗiyar mota cikin alkyabbar labule, fuskar zinariya a hammata don kowa ya ga ta gaske. Titi ya cika maƙil. "Baba Vander! Baba Vander!" Abin da ya yi shekaru yana jira ke nan, kuma na rantse hawaye na gani a idonsa. Ya sa direba ya tsaya, ya sauko tsakiyar titi ya buɗe hannuwa.

Yara suka ɓalle daga hannun iyayensu, sun fi a ƙirga, kowa da takobin roba. Da suka iso gabansa ba su yi hayaniya ba. Suka jeru sahu-sahu, suka haɗa ƙafa, suka rusuna gaba ɗaya.

Kwamanda ya waiwayo ya dube mu, mu da muka ce kada ya zo. "Kun gani?" ya ce. "Yau Amurka ta koyi gane girma."

Sannan, da yake mutum ne mai karamci, ya sunkuya ya mayar musu da gaisuwa, har kansa ya zo daidai inda hannun ɗan shekara shida yake kaiwa.