Ba a Surka wa Suruka

Akwai wani mutum a unguwarmu a Funtuwa, ana ce masa Ɗanliti. Shi dai ba ya sata, ba ya shaye-shaye, shi da aiki ne kawai ba sa jituwa. Yana da wani benci a ƙofar gida, tun hantsi yake hawansa, ba ya sauka sai salla ko tuwo. Har katakon ya lotsa daidai mazauninsa. Ana nan sai surukarsa, Iya Kande, ta aiko daga Bakori cewa tana tafe, kuma in ta zo ba ta tarar yana da sana'a ba, da 'yarta Hansai za ta koma.

Hankalin Ɗanliti ya tashi, don yana son Hansai, yana kuma son girkinta. Ya nufi kasuwa wurin wani abokinsa mai sayar da turare, ya ce a koya masa sana'ar da ba ta da ɗaukar kaya. Mai turare ya haɗa shi da 'yan kwalabe: man kanumfari, man na'a-na'a, man citta, da na darbejiya. Ya ce in an gauraya su suna korar sauro da kyankyaso, a ɗiga a ruwan goge ɗaki a sha ƙamshi, a shafa a inda ke ciwo a ji sauƙi.

"Amma ka ji ni da kyau. Waɗannan wuta ne. In jiki za a shafa wa, sai ka surka da man kwakwa mai yawa. Ɗigo kaɗan ya isa."

Ɗanliti ya ce ya ji. Ya dawo gida ya karɓe turmin Hansai ya kife ya mai da shi tebur, yana zuba wannan yana shinshina wancan, har kajin gidan suka koma maƙwabta. Ya sa wa haɗin suna Sha Yanzu, duk da ba na sha ba ne.

Ranar da Iya Kande ta iso, da sanda ta shigo, tana jan ƙafa, gwiwa ta kumbura. Ita kuwa tsohuwa ce mai riƙon kunya irin ta da: ba ta magana da mijin 'yarta kai tsaye, ko yana tsugune a gabanta sai ta bi ta kan Hansai.

"Hansai, tambayi mai gidan naki, wace sana'a aka kama?"

Ɗanliti na tsugune a bakin ƙofa, kai a ƙasa. "Hansai, gaya wa Iya ni yanzu mai haɗa magani ne. Wannan gwiwar ma in an yarda, yau za ta zama labari."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko kwalbar. Hansai ta biyo shi da man kwakwa, ta yi ƙasa da murya.

"Ba ka ce sai an surka ba?"

"Wa za a surka wa? Wannan na 'yan kasuwa ne, masu algus. Uwar da ta haife ki zan ba gauraye? Ba a surka wa suruka. Zalla za ta samu."

Hansai ta buɗe baki, ya riga ya fice. Ya miƙa kwalbar da hannu biyu. Iya Kande ta yi bisimilla, ta tsiyaya cikin tafi kamar mai shafa man gyaɗa, ta murje gwiwa da kyau, ragowar ta goga a wuya.

Da fari shiru. Ta ce ma akwai ɗan sanyi-sanyi. Ɗanliti ya fara gyara zama.

Can sai tsohuwa ta ji abin ya fara ci kamar wuta. Ido ya kawo ruwa. Ta dubi gwiwa, ta dubi sama, ta kira sunan Allah, sai ga ta tsaye. Matar da aka sauko da ita daga mota mutum biyu na riƙe da ita, ita ce ta tsallake turmi, ta tsallake murhu, ta isa bakin randa kafin Hansai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta kwara ruwa, abin ya ƙara ci. Ta zaga tsakar gida tana fifita da gefen zane, sandar na can yashe a kan tabarma. Da ƙyar Hansai ta kamo ta, ta wanke wurin da man kwakwar da aka raina.

Ɗanliti kuwa murna ta cika shi. Ya ɗaga sandar sama.

"Hansai, gaya wa Iya ta duba. Da sanda ta shigo, ga shi har tsalle take. Ki tambaye ta, wannan sana'a ce ko ba sana'a ba?"

Iya Kande ta zauna tana haki, tana share hawaye da bakin mayafi. Sai da numfashi ya dawo, sannan ta juya wajen 'yarta.

"Gaya masa na shaida, maganinsa na tayar da wanda ya daɗe a zaune. Kada a zubar da ragowar. Gobe da sassafe ki shafe masa bencin nan da shi, kuma kada ki surka."